Neman shawara: yarinyata ta nace sai ta kalli She's the Man, in bar ta ko in hana?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, admin a ɓoye sunana. Yarinyata ce mai shekara 14 ta sako ni gaba da maganar wani fim ɗin Amurka wai shi She's the Man, ƙawayenta na makaranta sun gani suna ta labarinsa ita kuma ta zama 'yar kallo a cikinsu. Da na ce ta ban labarin sai tace wai wata yarinya ce ta yi shigar maza ta shiga makarantar kwana har ta zauna ɗaki ɗaya da namiji saboda tana so ta buga ƙwallo, ni dai daga jin shigar maza gabana ya faɗi. Kuma yarinyar nan dama mayyar ƙwallo ce, kullum tana tsakar gida da ƙannenta maza ana ta bugawa. Babanta ya ce in bincika in yanke hukunci, ni kuma Turancin fim ɗin Amurka sauri yake min bana kama komai. Waɗanda suka gani dan Allah me ke ciki? Ina tsoron in hana ta je ta kalla a wayar wata a ɓoye, ina kuma tsoron in bari ya zama ni na buɗe mata ƙofa da hannuna.

Wata tsohuwar 'yar makarantar kwana:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na san fim ɗin nan sosai, a 2006 ya fito, Amanda Bynes ce yarinyar, Channing Tatum kuma saurayin tun kafin ya yi suna. Bari in baki labarin yadda yake. Sunanta Viola, tana buga ƙwallo a makarantarsu Cornwall sai aka soke ƙungiyar mata, ta je wajen kocin maza tace a gwada ta ya ƙi, saurayinta ma da yake gola ya goyi bayan kocin a gaban kowa, nan take ta rabu da shi. To tana da ɗan'uwa tagwaye ne, Sebastian, an sa shi a wata makaranta Illyria amma ya sulale ya tafi Landan sati biyu da abokan kiɗansa, shine ta sa gashin kanti da saje ta ɗaure ƙirji ta tafi a matsayinsa don ta shiga ƙungiyar maza ta ci tsohuwar makarantarta. Duke, wato Channing Tatum ɗin, shine abokin ɗakin, ita tana sonsa a ranta, shi yana son wata Olivia, Olivia kuma ta kamu da son "Sebastian" bata san mace bace. Rikicin kenan gaba ɗaya. Viola bata taɓa cewa tana son zama namiji ba, dabara ce ta sati biyu, kuma rabin abin dariyar ma yadda ta kasa iya tafiyar maza da muryarsu ne.

Maman 'yan biyu:
Ni dai gaskiya a'a. Hadisi ne a Bukhari daga Ibn Abbas, Annabi SAW ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. Mu manya mun san wasa ne amma yaro abin da yake dariya a kai shi yake rainawa, yau ta yi dariya gobe abin ya daina yi mata nauyi. Fina-finai sun yi yawa a duniya, ba dole sai wannan ba.

Wata malamar adabi:
Maman 'yan biyu maganarki tana kan hanya kuma babu mai jayayya da hadisi, Allah ya tsare mana imaninmu. Amma ina so Hajiya ta san cewa labarin ba sabon abu bane da aka ƙirƙiro jiya don a ɓata yara, daga wasan Shakespeare aka ɗauko shi, Twelfth Night, wanda ya rubuta wajen 1601. A can jirgin ruwa ne ya kife tagwayen suka rabu, Viola ta yi shigar maza ta kira kanta Cesario ta kama aiki a gidan Orsino mai mulkin ƙasar don ta tsira da mutuncinta a baƙuwar ƙasa, sunayen ma duk daga can suke, Viola, Sebastian, Olivia, har Illyria sunan ƙasar ne aka mayar sunan makaranta. In yarinyar ta ɗauki darasin adabi a gaba ba mamaki ta haɗu da irinsa a littafi. Ni abin da ya fi tsaya min a fim ɗin ba kayan da ta sa bane sam. Ƙarya ce. Iyayensu sun rabu, sai ta ce wa uwar tana gidan uban, shi uban yana zaton tana gidan uwar, sati biyu cur babu wanda ya san inda 'ya'yansu biyu suke, ɗaya yana wata ƙasa ma, kuma a ƙarshe babu wani hukunci na kirki da ya biyo baya sai tafi da murna. Yarinya mai shekara 14 ba za ta sa saje ta tafi makarantar maza ba, wannan kam da wuya, amma "ina gidan Goggo" alhali tana wani waje abu ne da za ta iya gobe da safe. In za ki yi mata magana a nan za ki tsaya.

Wata 'yar'uwa:
Malama kin gama magana wlh. Ni ban ma taɓa lura da wannan ba sai yanzu da kika faɗa.

Yayar 'yan mata uku:
Hajiya tunda kin ce a faɗa miki me ke ciki bari in faɗa ba ɓoye-ɓoye, don masu cewa "ba komai a ciki" sun manta ne ko kuma idonsu ya saba. Su kansu Amurkawa PG-13 suka ba shi, ma'ana iyaye su yi hattara da yaran da basu kai 13 ba, kuma kin san ma'auninsu ba namu bane. Tun buɗe fim ana buga ƙwallo a bakin teku 'yan mata da kayan wanka. Akwai kis ba ɗaya ba ba biyu ba, har da wata rumfa a wajen taron shagali da ake biyan kuɗi a yi kis. Samarin suna yawo ba riga a ɗaki da wajen wanka. Akwai inda aka ga audugar mata irin ta cusawa a kayanta tace wai ta haɓo ce ta tura a hanci. Sai na ƙarshe wanda ya fi duka, a tsakiyar fili ana wasa shugaban makaranta ya tsayar da ƙwallo yace Sebastian mace ne, ashe na gaskiyan ne ya dawo, sai ya sauke wando gaban jama'a, can an jima ita ma ta ɗaga riga don ta nuna mace ce. Kyamara bata nuna tsiraicin ba amma kowa ya gane abin da aka yi, kuma iyayen suna zaune a wajen. Ni ƙannena sun gani amma rimot yana hannuna, duk inda na sani kafin a iso na tsallake.

Mai neman shawara:
Innalillahi, wannan na ƙarshen kam bata faɗa min ba. Nagode Yaya. To amma ni ta yaya ma zan zauna da ita ana kis a gabanmu, wallahi nauyi ba zai bar ni ba, ita ma na san ba za ta iya ɗaga kai ba.

Wata Anti daga Zariya:
Ai ba ke za ki zauna ba 'yar nan. Baki da ƙanwa ko wata yayarta 'yar ɗakinku da suke shiri? Irin wannan aikin nasu ne tun asali, abin da 'ya ba za ta iya faɗa wa uwa ba ƙanwar uwa take faɗa wa. Ki sa ita ta fara kalla ita kaɗai, bai kai awa biyu ba, in ta ga da yiwuwa su zauna tare a falo a talabijin ba a waya a ƙuryar ɗaki ba, in ta ga babu sai ki hana da hujja a hannunki. Yaran yanzu in kika ce a'a ba dalili sun riga sun tura wa juna ta Xender kafin ki idar da sallar isha.

Mai son fim ɗin Indiya:
In labarin take so akwai na Indiya mai kama da shi, Dil Bole Hadippa na 2009, Rani Mukerji da Shahid Kapoor, ita ma shigar maza ta yi har da rawani da gemu don ta shiga ƙungiya, sai dai nasu kurket ne ba ƙwallon ƙafa ba. Ya fi wancan kunya a wajen soyayyar amma fa akwai waƙoƙi da shigar da sai an tsallake, kar a ce ban faɗa ba.

Maman 'yan biyu:
To ai duk kanwar ja ce, shigar mazan tana nan. Ni ina kan bakana amma na yarda da Anti, in har za a kalla to kar a bar ta ita kaɗai.

Wata mai koyar da wasanni:
Ni ta wani ɓangaren na kalli tambayarki Hajiya. Kin ce mayyar ƙwallo ce, ina ganin abin da ya ja ta kenan ba Channing Tatum ba. Na ga irinsu da yawa, yarinya tana buga ƙwallo da ƙannenta har ta fi su, tana kai shekara 13 ko 14 sai a ce ta girma ta shiga ɗaki, babu wanda ya zauna ya yi mata bayani, to dole labarin wadda aka ce wa "ke mace ce ba za ki iya ba" ya taɓa mata zuciya. Ki tambaye ta a hankali me ya burge ta a labarin kafin komai. In ƙwallon ce ki nuna mata matan da suke bugawa da sunansu na mata ba tare da sun yi wa kowa ƙarya ba, Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a 2025 a Maroko, a wasan ƙarshe an ci su biyu kafin hutun rabin lokaci suka dawo suka ci uku, wasan yana nan a YouTube. Sannan ki je makarantarsu ki tambaya ko akwai lokacin wasanni na mata zalla, da dogon wando da hijabinta, in babu ku haɗu da wasu iyayen ku kai maganar taron PTA.