Wane Suna Ya Dace Da “Startup” A Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman malaman harshe da masu fassara da 'yan jarida. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmar Ingilishin nan “startup”, wadda ta zama ruwan dare a labaran kasuwanci da fasaha, amma har yanzu kowane gidan rediyo da kowace jarida da irin yadda suke juya ta. Wani ya ce “sabon kamfani”, wani ya ce “ƙaramin kamfani”, wani “kamfani mai tasowa”, wani kuma ya bar ta da Ingilishinta ya wuce. Lamarin ya tashi daga hannun masu fassara kaɗai tun a watan Oktoban 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ke ɗauke da wannan kalma a cikin sunanta, wadda ta tanadi rangwamen haraji da wasu hanyoyin tallafi ga irin waɗannan kamfanoni, aka kuma ɗora wa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, wato NITDA, alhakin gudanar da ita. Mai haɗa manhaja da ke zaune a Kano ko Gusau ko Bauchi yana da haƙƙin sanin ko dokar ta shafe shi, kuma ba zai sani ba idan sunan da muka ba shi ya karkatar da fahimtarsa.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san shi, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kan tarihin kamfanonin da suka sa kalmar ta yi tashe. A shekarar 1998 Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, suka kafa Google, ofishinsu na farko kuwa gareji ne a garin Menlo Park. Wani injiniya mai suna Andy Bechtolsheim ya rubuta musu cekin dala 100,000 tun kafin su kammala rajistar kamfanin, kuma a 1999 wasu kamfanonin zuba jari biyu, Sequoia da Kleiner Perkins, suka ƙara musu dala miliyan 25. Abin da ke hannunsu a lokacin shi ne na'urar bincike da ta fi ta kowa iya gano shafin da mutum yake nema, wadda daga baya Hausawa suka yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata. Abin da ba su da shi kuwa shi ne tabbatacciyar hanyar samun kuɗi, domin mai bincike ba ya biyan ko kwabo.

Hanyar ta fara bayyana ne a wani kamfani daban. A 1998 ɗin nan Bill Gross ya fito da GoTo.com, inda ya mayar da kalmomin da mutane ke rubutawa a akwatin bincike kayan gwanjo: mai talla ya zaɓi kalma, ya taya abin da zai biya a duk lokacin da wani ya latsa tallarsa, wanda ya fi kowa tayi shi ne a sama. Google ya buɗe nasa tsarin mai suna AdWords a shekarar 2000, amma da farko yana karɓar kuɗi ne bisa yawan nuna tallar, sai a 2002 ya koma ga gwanjon latsawa, ya kuma ƙara wani sharaɗi da ya sauya komai, wato ba tayi kaɗai ake dubawa ba, har da yawan mutanen da suke latsa tallar idan sun gan ta. A ce mai shadda a Kantin Kwari ya taya kalmar “shadda” a yau. Idan wata mata a Kaduna ta rubuta kalmar a wayarta, kafin ƙiftawar ido an gwada tayinsa da na sauran masu neman wannan kalma, an auna yadda tallarsa ta dace da abin da matar ke nema, sannan a jera su. Idan ta duba ta wuce bai biya komai ba, sai ta latsa ne kuɗinsa zai fita. Wannan tsari, wanda aka sauya wa suna zuwa Google Ads a 2018, shi ne ya mayar da Google abin da ya zama. Shi kuwa GoTo ya koma Overture a 2001, Yahoo ya saye shi a 2003 kan kimanin dala biliyan 1.6.

Shekarun nan huɗu, daga 1998 zuwa 2002, su ne ainihin abin da muke nema wa suna. Kamfani ne da ke rayuwa da kuɗin wasu, waɗanda suka karɓi hannun jari a madadin kuɗinsu, masu amfani da shi suna ninkuwa wata bayan wata, shi kuma yana lalube inda ribar za ta fito. Haka labarin yake a shafukan sada zumunta. Facebook ya fara a ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Harvard a 2004, Peter Thiel ya zuba masa dala 500,000 a wannan shekara, kuma sai da ya tara jama'a tukuna talla ta zama abincinsa. Instagram ya fito a watan Oktoban 2010, kuma lokacin da Facebook ya saye shi kan dala biliyan 1 a 2012 ma'aikatansa 13 ne, ba shi da wata hanyar shigar kuɗi, abin da aka saya shi ne miliyoyin mutanen da ke ɗora hotuna a kansa da saurin ƙaruwarsu.

Da wannan ma'auni nake ganin “sabon kamfani” bai isa ba. Wanda ya kama shago jiya a Kasuwar Sabon Gari ya yi rajista ya fara sayar da wayoyi ya kafa sabon kamfani, amma tun ranar farko ya san nawa ya saro kaya, nawa zai sayar, da abin da zai rage masa, kuma ba wanda yake sa ran shagon zai ninka kansa sau ɗari cikin shekara uku. Sabuntaka kuma ba ta daɗewa. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 don sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, ya shekara biyar kafin kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200, kuma duk tsawon wannan lokaci da wancan suna na Ingilishi ake kiransa. Dokar Najeriya ma ta ba kamfani wa'adin shekara 10 daga ranar rajista yana amsa wannan suna. Ba Bahaushen da zai kira abin da ya shekara tara sabo.

“Ƙaramin kamfani” ya fi wannan haɗari, domin tuni muna da “ƙanana da matsakaitan masana'antu”, waɗanda ke da hukumarsu ta SMEDAN da nasu tsarin rance. Idan muka haɗa su a suna ɗaya, mai gidan burodi zai ji sanarwa a rediyo ya ɗauka da shi ake, ya ɓata lokacinsa da kuɗin motarsa, alhali dokar ta 2022 ta keɓe kanta ga masu ƙirƙira a fannin fasahar zamani. Ban da haka, kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan 1 ba a ce masa ƙarami ba, ko da ma'aikatansa ba su cika ɗaki ɗaya ba.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar mu ari kalmar kawai mu daidaita ta da bakinmu, mu ce “sitatof”, tunda “kamfani” da “banki” da “kwamfuta” duk aro ne. Malam, hujjarka tana da ƙarfi, kuma ni ba na cikin masu ƙyamar aro. Sai dai waɗancan kalmomi sun zauna ne saboda mutane sun ga abin da idonsu, sun shiga banki sun taɓa kwamfuta, sunan ya manne wa abin da aka riga aka sani. Wannan kuwa yanayi ne na kamfani, ba gini ba ne da za a nuna da yatsa, don haka mai sauraron da ya ji “sitatof” bai ƙaru da komai ba sai an sake yi masa bayani, kuma aikin da muke so sunan ya ɗauke mana ke nan. Wata 'yar'uwa daga Damagaram kuma ta tunatar da mu cewa masu kula da harshen Faransanci sun zaɓi “jeune pousse”, wato ɗanyen tsiro, ta ce me zai hana mu ce “tsiron kamfani” ko “dashen kamfani”. Hajiya, na gode da wannan haske, amma ina jin tsoron kunnen Bahaushe zai ji shuka ce mallakar wani kamfani, musamman a ƙasar da kamfanonin iri da taki suke da yawa.

Saura “kamfani mai tasowa”, wanda shi ne ya fi yawa a bakin 'yan jarida, kuma shi ne ya fi kusa. Yana da gata, domin kunne ya saba da “ƙasashe masu tasowa”. Abin da ya hana ni gamsuwa da shi shi ne ya yi faɗi, kuma ya yi alkawarin da ba kullum yake cika ba. Kamfanin sarrafa shinkafa da ya shekara 30 yana ƙara injina shi ma mai tasowa ne. Sannan da yawa daga cikin kamfanonin da muke magana a kansu ba sa kai labari: Friendster, wanda ya riga Facebook fitowa, ya shuɗe, MySpace kuma da kamfanin News Corporation ya saya kan dala miliyan 580 a 2005 an sayar da shi kan kimanin dala miliyan 35 a 2011. Idan ɗan jarida zai ba da labarin irin wannan kamfani da ke korar ma'aikata yana shirin rufewa, jimlar “kamfanin mai tasowa ya durƙushe” tana cin karo da kanta.

Shawarata ita ce mu ce “matashin kamfani”, jam'insa “matasan kamfanoni”. Tushen kalmar ɗaya ne da na “tasowa”, don haka ba mu yi nisa da abin da aka saba ba, amma “matashi” yana ɗauke da abubuwan da “mai tasowa” ya bari a baya. Matashi ya wuce jariri, bai kai magidanci ba. Girmansa na sauri ne, sau da yawa wani ne ke ɗaukar nauyinsa kafin ya tsaya da ƙafafunsa, yana gwada wannan sana'a ya gwada waccan kafin ya gane wadda za ta riƙe shi, kuma ba wanda ya tabbatar da yadda zai ƙare. Mafi muhimmanci, ƙuruciya mataki ce mai iyaka, kamar yadda dokar ta yanke shekara 10, kuma kamar yadda ba wanda ke kiran Google da wancan suna tun bayan da ya shiga kasuwar hannun jari a 2004. Masu ilimin Larabci a cikinmu za su lura cewa Larabawa ma “sharika nashi'a” suke cewa, daga tushen da suke kiran yaro mai tashi da shi, sai dai ni ba don haka na zaɓe ta ba, na zaɓe ta ne don Hausa ta riga ta saba sa “matashi” a gaban suna, kamar “matashin malami” da “matashin ɗan kasuwa”.

Na san inda za a soke ni. Za a ce “matasan kamfanoni” na iya nufin samarin da ke aiki a kamfanoni, ko kuma a rikita shi da “kamfanin matasa”. Wannan shubuha gaskiya ce, amma irinta tana nan a “manyan kamfanoni”, wanda a nahawu zai iya nufin shugabannin kamfanoni, kuma ban taɓa jin wanda ya rikice a kansa ba, domin jimla tana fayyace kanta. A gwada a ji: “Matasan kamfanonin Najeriya sun samu jari daga ƙasashen waje.” “An sanya hannu a kan Dokar Matasan Kamfanoni a 2022.” “Instagram yana matashin kamfani Facebook ya saye shi.” “Kamfanin ya fita daga sahun matasa bayan da ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a.” A jimlar ƙarshe za a ga wata fa'ida, wato kalmar tana iya tsayawa ita kaɗai idan an riga an ambaci kamfani, abin da “mai tasowa” ba ya yi da sauƙi. Bambancin da ke tsakaninsa da “kamfanin matasa” ma yana da amfani a kiyaye shi, domin dattijo mai shekara 60 zai iya kafa matashin kamfani, kamar yadda samari za su iya gadon tsohon kamfanin mahaifinsu.

Raunin da na yarda da shi shi ne kalmar ba ta ambaci fasaha ba, alhali a yawancin labarai, da kuma a dokar Najeriya, kamfanonin fasaha ake nufi. Maganin wannan a wurina shi ne a ambaton farko a rubuta “matashin kamfanin fasaha”, sannan a ci gaba da gajeren a sauran labarin. Hakan ya bar mana ƙofa a buɗe ga matashin kamfanin noma ko na lafiya ko na sufuri, waɗanda su ma suke bin wannan hanya ta karɓar jari da neman girma cikin sauri.

Ina roƙon malamanmu na sassan Hausa a jami'o'i su duba mini nahawun jam'in, ko “matasan kamfanoni” ya fi dacewa ko akwai siffar da ta fi shi sauƙi a baki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram kuma ku gaya mana ko “matashi” yana da wata ma'ana a karin harshenku da za ta hana shi zama a wannan gurbi. Masu karanta labarai a rediyo, ku gwada jimlolin nan huɗu da babbar murya, ku faɗa mana wadda harshe ya yi tuntuɓe a kanta.