Zauren iyaye a waya ya fi maƙwabta amfani? Muhawarar da ta tashi daren Alhamis

Maman Fati (Kasoa): Salamu alaikum iyaye. Jiya Hajiya Kaka ta ce mun zama 'yan latse-latse, mun yar da zumunci. Hajiya, ki gafarce ni, ni dai na ce zauren nan na WhatsApp ya fi mini maƙwabta amfani. Kuɗin haya ne ya raba mu da unguwar Nima a Accra. Mai gida ya ce sai na shekara biyu a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce, muka tattara muka koma Kasoa. A layinmu babu mai jin Hausa. Ƙarfe biyun dare jariri na tsala kuka, ƙofar wa zan buga? A nan nake rubutawa, kuma ban taɓa rasa mai jegon da idonta biyu ba.

Hajiya Kaka (Sabon Zango): Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta mini. Takwas na haifa a gida ɗaya. Duk ranar da na sauka, kafin kiran asuba ruwan wanka ya tafasa a tsakar gida, wata ta dama kunun kanwa, wata ta kwashe manyan yaran zuwa ɗakinta. Kwana arba'in ban taɓa tsintsiya ba. Wayar taki tana dafa ruwa?

Baban Yusif (Madina): Hajiya, Allah ya ƙara girma, ruwa kam ba ta dafawa. Amma ga nawa. Da sakamakon BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ya fito, kwamfuta ta jefa 'yata makarantar kwana a Navrongo, kusa da iyakar Burkina Faso. Ban san ko mutum ɗaya a can ba. Na rubuta a nan bayan azahar, kafin magariba wani bawan Allah daga Ashaiman, wanda ɗansa ya riga ta da shekara, ya kira ni. Ya lissafo mini kaya: akwatin ƙarfe, akwatin katako na gari da shito (soyayyen barkono) da sukari, gidan sauro, rigar sanyi mai kauri saboda hunturun can ba irin na Accra ba ne. Ya gaya mini motar dare da za mu shiga, ƙaninsa kuma ya tarbe mu a tasha. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 yaranmu na zango suke ta bazuwa nesa. Maƙwabcina mutumin kirki ne, amma wannan hanyar bai taɓa bin ta ba.

Maman Sadiya (Maamobi): Ni nas ce, bari in faɗi wanda nake gani da idona. Uwa ta zo da yaro jiki kamar garwashi, kwana uku, na ce me ya zaunar da ke? Ta ce a zaure aka ce haƙori ne, ta ba shi farasitamol ta jira. Aka ɗiga jini a gwaji, zazzaɓin sauro ne. Haka a 2019, da Ghana da Kenya da Malawi suka fara allurar rigakafin zazzaɓin sauro, saƙon murya ya yi ta yawo wai gwaji ake yi da 'ya'yanmu. Ba a banza WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya kacal a lokaci guda ba, tun 2020. Littafin awo yana jakarki, ranakun allura suna ciki, amma kin fi yarda da muryar da ba ki san mai ita ba.

Maman Fati: Anti nas, tsaya. "Haƙori ne" ɗin nan ba waya ta ƙirƙiro shi ba. A tsakar gida na fara jin sa, daga bakin iyayenmu. A zaure ko ba komai ke kina nan, kina tsawatarwa.

Hajiya Kaka: Wannan kam na faɗa, ba sau ɗaya ba. Allah ya yafe mana.

Malam (Fadama): Ni abin da ya tsaya mini a rai sirri ne. Kun tuna baiwar Allah da ta tambaya yadda za ta yi da ɗanta da ya fara shan taramol? Ta zo neman shawara cikin kuka. Wani ya ɗauki hoton maganar, sati bai zagayo ba sai ga shi a Aboabo, Kumasi, a hannun dangin mijinta. Ta fice daga zauren ba ko sallama.

Baban Yusif: Malam, gulma ai a bakin famfo ma ana yi.

Malam: Ana yi. Amma ta bakin famfo iska ke kwashewa, mai yin ta ma yana iya rantsewa bai faɗa ba. Wannan da sunanta da lambarta, tana nan a wayar mutane har gobe. Mun haura ɗari uku a nan. Nawa ka taɓa gaisawa da su hannu da hannu?

Baban Yusif: Ba su kai ashirin ba.

Maman Sadiya: Ni shawarata, maganar ciwo da ta asirin gida a riƙa kiran mutum ɗaya a gefe. Maganar makaranta, da malamin karatun allo, da inda ake samun yunifom da sauƙi, a baje ta a nan.

Malam: Wanda ya ɗauki hoton fa? Har yau yana cikinmu yana karantawa.

Hajiya Kaka: 'Yata ta Kasoa, jaririn naki kwanansa nawa?

Maman Fati: Yau ashirin da uku, Hajiya.

Hajiya Kaka: Wa ke miki wanka?

Maman Fati: Ni da kaina. Mma tana Tamale, ƙafa ta hana ta tafiya.

Hajiya Kaka: Subhanallahi. Asabar zan shiga tirotiro, motar haya, a tashar Kaneshie, zan taho da kanwa da yaji. Ki turo wa jikata kwatance, ki sa maigidanki ya nemo gawayi da babbar tukunya.

Baban Yusif: Hajiya ki fita da sassafe, hanyar Kasoa in rana ta ɗaga sai haƙuri.