Ɓerayen da ban ba citta ba ma suganinsu ya sauka

Salamu alaikum. Ɗalibi nake a Jidda, ina gwada tasirin citta a kan ciwon suga a jikin ɓeraye. Na yi wa guda 24 allurar alloxan, sinadarin da ke jawo ciwon suga, miligiram 150 a kowane kilo na nauyin jiki. Bayan kwana 3 suga ya haura 300, na raba su kashi biyu, rabi ina ɗura musu ruwan citta kullum da safe.

Mako na uku, waɗanda ba su ɗanɗana citta ba ma suka dawo 120! Na canza na'urar awo, na haɗa sabon alloxan a ruwan gishiri mai sanyi, na sake daga farko, duk kanwar ja ce. Biyar ma sun mutu daren allurar, abin ya ishe ni wallahi.

Don Allah, in na koma streptozotocin, wani sinadarin jawo ciwon suga, ciwon zai zauna har mako 6?