Yini ɗaya kacal a tsibirin Morishus, ya zan yi da shi?

'YarSamaru:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗalibar ABU ce, Allah ya nufa na samu gurbi a shirin nan da ɗalibai ke yin zangon karatu a cikin jirgin ruwa, ana lacca a kan teku ana yada zango ƙasa-ƙasa. To jadawalin da suka turo ya nuna zamu tsaya a Port Louis, babban birnin Morishus, mu sauka da safe amma kafin magariba kowa ya koma jirgi, kuma ranar Juma'a ta faɗo. 'Yan rukuninmu na WhatsApp kowa da nashi, wasu bakin teku kawai suke so, wasu sun dage sai Chamarel inda ƙasa ke da launi bakwai. Ni ban iya ruwa ba, kuma ina tunanin sallah da abincin da zan ci hankali kwance. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min, bana so yinin ya tafi a banza wlh.

MalamTudunWada:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka a tafiyar. Na je taro can, shawarata ki cire Chamarel daga lissafi. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa kamar kilomita 65, amma Chamarel na can kudu maso yamma kan tsaunuka, hanya mai kwana-kwana, ga cunkoson motoci a bakin Port Louis safe da yamma, sai ki ƙare yinin a cikin mota.

Abin da bana so ki rasa yana nan kusa da tashar jiragen, sunansa Aapravasi Ghat. Bayan Turawan Ingila sun hana bauta a tsibirin a 1835 sai masu gonakin rake suka rasa hannu, aka shiga kwaso leburorin ƙwadago daga Indiya da takardar yarjejeniya. Ta wannan wurin ake sauke su, mutum kusan rabin miliyan suka bi ta nan, wasu aka bar su a gonakin tsibirin wasu aka wuce da su wasu ƙasashen. Har yanzu matakalar dutsen da suke hawowa daga ruwa tana nan, da ragowar ɗakunan da ake tsare su a duba lafiyarsu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. In kin tsaya a nan zaki gane dalilin da yasa tsibiri da ake lissafawa a Afirka mafi yawan mutanensa 'yan asalin Indiya ne, Hindu da Musulmi, ga jikokin bayin da aka kawo daga Madagaska da Mozambik, ga 'yan China, kowa na magana da Kiriyol wanda ya samo asali daga Faransanci. Ɗalibi da ya zo ya tafi bai ga wannan ba ni a wurina hoto kawai ya ɗauka.

Batun sallah kuma, ke mace ce kuma matafiya, Juma'a bata wajaba a kanki ba, azahar ce raka'a biyu ta ƙasaru. Amma ki je Jummah Masjid, tun shekarun 1850 yake, a tsakiyar gari dab da unguwar 'yan China, da wata tsohuwar bishiya a tsakar masallacin. Ki isa da wuri kafin ya cika ki tambayi inda mata ke yi.

AntiSabonGari:
Malam ayi haƙuri, duk abinda ka faɗa gaskiya ne amma ban yarda yarinyar nan ta wuni a cikin gari ba. Ƙanwata ke da ruwan da kika sani bai wuce Kubanni da Galma ba, kuma kallon teku daga saman jirgi daban yake da ki sa ƙafarki a ciki. Duwatsun murjani sun kewaye tsibirin kusan duka, igiyar ruwa tana karyewa can nesa, shi yasa bakin gaɓar yake kwance lumui, ruwan garai-garai kina ganin yatsunki. Ki je arewa, Trou aux Biches ko Mont Choisy, basu da nisa sosai da Port Louis. Rashin iya ruwa ba matsala bane, ki tsaya iya gwiwa, kuma akwai ƙananan kwale-kwale masu gilashi a ƙasa, kina zaune da hijabinki kina kallon kifaye kala-kala, kawai ki tabbatar an baki rigar kariya kin ɗaura kafin ya tashi. Ki sa wando a ƙasan doguwar riga mara nauyi, atamfa in ta jiƙe bata bushewa da wuri, sannan ki riƙe silifas na roba saboda murjani yana yanka.

Abinci kam kar ki damu ko kaɗan, Musulmi suna da yawa a Port Louis, wuraren halal ko'ina. A babbar kasuwa ki nemi dholl puri, wata 'yar fanke ce lafe-lafe da garin wake a ciki, a zuba miyar wake da ta tumatir da yaji a naɗe miki a takarda, babu nama sam kuma arha. Ki kora da alouda, madara ce mai sanyi da 'ya'yan wani ganye. Akwai biriyani na Musulmin garin, akwai abarba da ake fere miki a barbaɗa gishiri da barkono. Abu ɗaya, suna yin giya da rake, to kayan zaƙi a manyan wuraren cin abinci ki tambaya kafin ki ci.

ƊanƘofarDoka:
Ni ban je can ba amma na yi aiki a jirgin ruwa, magana ɗaya zan faɗa. Jirgi baya jira. Lokacin da suka ce kowa ya dawo ki rage awa ɗaya a ranki. Suna gaban Najeriya da awa 3, ki duba agogonki ya dace da na jirgi kafin ki sauka kar waya ta ruɗe ki. Ki rubuta lambar wakilin jirgin a takarda, ki canza kuɗinsu na rupi kaɗan, kar kuma ki ware ke kaɗai. Motocinsu hannun hagu suke bi, in zaki tsallaka titi dama zaki fara dubawa.

'YarSamaru:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Anti to zai yiwu in haɗa biyun? Kuma wata ta ce min lambun Pamplemousses a hanyar arewan yake, mai manyan ganyen bado ɗin nan.

AntiSabonGari:
Zai yiwu in kin samu mutum uku masu ra'ayinki. Kuna sauka ku fara da wurin da Malam ya ce, da ƙafa ma zaku iya, daga nan kasuwa, ki yi azahar, sai ku ɗauki tasi ɗaya zuwa bakin ruwa. Ku gama ciniki da direba tun kafin ku shiga, zuwa da jira da dawowa, kuma kuɗin dawowa sai ya sauke ku a tasha.

MalamTudunWada:
Na yarda da tsarin Hajiya, amma lambun ki bar shi. Babba ne, shi kaɗai yana cin awa biyu in za a zaga shi yadda ya kamata, in kika cusa shi zaki faɗa cunkoson yamma. La'asar ki haɗa ta da azahar tun a masallaci, ko ki yi ta a bakin ruwan, alƙibla daga can arewa ce ta ɗan karkata yamma, ba gabas ba kamar yadda muka saba a Zariya.