Ɗaliban PGDE masu aikin ofis: ya ake yi da koyarwar gwaji?

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar masu kula da ɗaliban PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, musamman na ƙarshen mako.

Matsalar ita ce koyarwar gwaji, wato TP. Darussan ana yin su Asabar da Lahadi, amma TP sai ranakun aiki, a makaranta ta gaske, da jadawalin darasi da malamin da zai zo ya zauna a bayan aji ya ba da maki. Ɗalibin da ke aikin banki ko ofis ba ya samun izinin makonni a jere. In ya ɗauki hutunsa na shekara, sai ya faɗo lokacin da makarantu ke hutu ko jarrabawa. Ba makin TP, ba sakamako; ba sakamako, ba zama jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ga shi da yawansu don ita suka shigo.

An gwada Islamiyya ta yamma, mai dubawa ya ce ba ta bin manhajar boko. Kawo wasiƙar shugaban makaranta kawai kuwa, ba tare da an yi koyarwar ba, wannan ha'inci ne.

Shin ana iya rarraba TP kwana biyu a mako har zango guda? Makarantar manya ta dare tana shiga lissafi? Wace takarda kuke rubuta wa ma'aikatarsu?