Abin da tsofaffin direbobi suka ce kan lasisin tirela

A hirar da muka yi da direbobin da ke ɗaukar siminti a Kalambaina da ke jihar Sakkwato, bakinsu ya zo ɗaya: zaman yaron mota yana koyar da hanya, amma ba ya ba da lasisi. Na tirela rukunin G ne, kuma sai ta hannun makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta amince da ita, sannan gwajin tuƙi na jami'an duba motoci, wato VIO, da takardar likita, musamman ta ido.

Inda suka fi jan kunne shi ne zaɓen makaranta. Je da ƙafarka ka ga motar, ka tambayi sau nawa za ka riƙe sitiyari, ka ga ko ana koyar da ribas da bodi a baya da duba iskar birki kafin tashi. Wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai. Ɗan kamashon da ya ce zai kawo lasisi har gida kuwa, guje shi.