Neman shawara: abokan waƙarmu na da suna so a saki tsohon kaset ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Mu biyar ne muka taso tare a Fagge, wajen 2002 muka faɗa harkar waƙa. Ɗayanmu ne mai fiyano, wata tsohuwar Yamaha da yayansa ya kawo masa daga Saudiyya, maɓallanta biyu ba sa kamawa sai an danna da ƙarfi. Ni ke bayarwa, sauran suna amshi. A soron gidansu muke gwaji bayan Isha, in an ɗauke wuta mu yi karo-karo mu sayi batir. Mun je bukukuwa har Wudil da Bichi. A 2005 muka tara kuɗi muka shiga wani situdiyo a Zoo Road, aka buga mana waƙa shida a kaset. Da aka dakatar da yin fim a Kano a 2007 situdiyo suka yi sanyi, kowa ya kama gabansa. Ni na bi kawuna Kantin Kwari, na yi aure. Akwai abin da ya shiga tsakanina da ɗayansu a lokacin, amma ba shi ya kawo ni ba.

Kwanan baya wanda yake Jidda ya gano ni a Facebook, ya buɗe mana guruf a WhatsApp. A nan na ji cewa mai fiyanon ya rasu a Legas, Allah Ya jiƙansa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Sai ga shi wani cikinmu ya tono kaset ɗin a akwatin mahaifiyarsa, ya kai Farm Centre aka juye masa a waya. Yanzu su ukun sun dage a ɗora a YouTube, wai abin da aka samu a ba marayun. Babban ɗan marigayin ma ya kira ni, ya ce bai taɓa jin kiɗan babansa ba. To muryata ce a gaba, waƙoƙin na soyayya ne, ɗaya har da sunan wata yarinya a ciki. 'Yata kuma an sa ranarta bayan Sallah. Ya zan yi?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Malam, maganar ba ta da tsawo. Allah Ya tsamo ka, kada ka koma da ƙafarka. Ka fita daga guruf ɗin yau, ka ce a goge. Shi mamacin addu'a yake buƙata da sadaka, ba a riƙa kunna kiɗansa yana kabari ba.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma fita ba za ta yiwu ba. Mutanen nan tare muka kwana da yunwa a tashar Bichi da mai biki ya hana mu kuɗin mota. Kuma babu batsa ko kalma ɗaya a waƙoƙin.

Maman Ilham: Yallaɓai, ita uwargida ta san ka taɓa waƙa? Ba ka faɗa ba. Ni guruf ɗin 'yan makarantarsu ne ya kusa raba ni da Baban Ilham. Mutum sai ƙarfe ɗaya na dare yana ƙyalƙyala dariya da waya, in na yi magana ya ce zumunci ne. Ashe har da wadda ya nema kafin ni a ciki. Wata uku ina gidanmu.

Ɗan Gwammaja: Wane kuɗi? Ni ma na yi harkar nan. Na kai wa wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai waƙoƙina, ya ba ni kuɗin mota ya ce in dawo in an sayar. Har kaset ya mutu, sidi ya zo ya wuce, masu tura waƙa a memori suka gama da mu, ban ga sisi ba. YouTube ba sa fara biya sai kana da mabiya dubu da awa dubu huɗu na kallo. Wa zai zauna ya saurari fiyanon 2005? In marayu ake ji, kowa ya sa hannu a aljihu.

Abu Sumayya: Kun ji ko. Ga zunubi ga babu riba. Kuma wane suruki ne zai so a tura masa bidiyon uban amarya yana kiran sunan wata?

Hajiya Yaya: Abu Sumayya ka sassauta. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, mu da mandiri muka tashi a gidanmu. Ɗana, ka tura wa yaron nan shi kaɗai ya ji hannun ubansa. Wannan haƙƙinsa ne.

Abu Sumayya: Hajiya, da girmanki, abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu. Gobe a TikTok za ki gan shi.

Mai tambaya: Maman Ilham, babu mace a guruf ɗinmu. Yarinyar ma ba ni na rubuta baitin ba, marigayin ne, ni rerawa kawai na yi. Hajiya, ai yana wayoyinsu su ukun, ba a hannuna kaɗai yake ba. Ni ban ce a goge ba, ban ce a saki ba. So nake a jira bayan biki, na Jidda kuma ya ce kullum haka nake, ni na watsa mu tun farko. Ba haka aka yi ba.

Ɗan Gwammaja: To me ya faru a farkon? Ka ba mu rabin labari kana neman cikakkiyar shawara.

Maman Ilham: Har yanzu dai bai ce ko matarsa ta sani ba.